Sifina ba ta kama kifi sai ganyenta na juyawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da matasanmu na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi, waɗanda sha'awar kamun kifi da sanda ta shiga ransu a 'yan shekarun nan. Wasu a waya suka gani, wasu 'yan'uwa ne suka aiko musu da kayan daga waje, wasu kuma a cikin gwanjo suka tsinta. Cikin kayan akwai wata 'yar ƙugiya mai ganyen ƙarfe da ake kira sifina, galibi a manne a kwali, ga hoton wani koren kifi ya wage baki. Abin da ke damuna shi ne yadda yaro zai tara kuɗinsa ya saya, ya biya mota zuwa bakin ruwa, ya wuni yana jifa, ya dawo hannu rabbana, sannan ya yanke hukunci cewa kifinmu ba ya cin ƙarfe. Wallahi yana ci. Sai dai sifina tana da ƙa'ida, kuma ba a rubuta ƙa'idar a jikin kwalin ba.

Kifin da ke jikin kwalin sunansa bas, kuma ba kifin ruwanmu ba ne. Asalinsa Amurka ta Arewa, daga baya aka kai shi wasu ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Kenya da Japan. Iri biyu aka fi nema. Akwai mai babban baki, wanda ke son ruwa kwantacce mai ciyawa da kututture, yana laɓewa ya jira abin da zai gifta. Akwai mai ƙaramin baki, shi kuma ya fi son kogi mai duwatsu da ruwa garau, kuma a kansa ne sifina ta fi yin suna. Mafi girman bas da aka yi wa rajista an kama shi a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 da 'yan kai, sai a 2009 aka kama wani da ya yi daidai da shi a nauyi a tafkin Biwa na Japan. Giwan ruwa mai ƙiba ya ninka wannan sau da yawa. Sannan bas ba shi da haƙoran yanka, bakinsa kamar samfefa yake, har masu kama shi kan ɗaga shi da babban yatsa a leɓe. Wanda ya gwada haka da tsage ya san sauran bayani. Girma da haƙori, a nan ne shawarar da ake bai wa mai neman bas take rabuwa da abin da ya dace da mu. Sauran ilimin kuwa ɗaya ne.

Ka ɗauki sifina ka dube ta da kyau. Waya ce guda miƙaƙƙiya, da ido a gaba inda ake ɗaure zare. Bayan idon akwai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar kofaton doki, shi ke riƙe da ganye, shi kuma ke zagaya wayar. Bayansa 'yar ƙwallo ce da yake gogawa a kai, sai jiki mai nauyi na tagulla ko dalma, sai ƙugiya mai baki uku a ƙarshe, wani lokaci da gashi ko gashin tsuntsu a ɗaure. Idan aka ja ta a ruwa, ruwan ya cika cikin ganyen ya tura shi, sai ya riƙa zagaya wayar. Juyawar nan tana ba da walƙiya, tana kuma buga ruwa. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko da bai ga komai ba. Ba wai ya ɗauki sifina kifi ce sak ba. Wani ƙaramin abu ne mai rai yake jin yana gudu, kuma kifi mai farauta ba ya iya haƙuri da abin da ke gudu. Da ganyen ya tsaya, duk wannan ya ƙare, abin da ya rage guntun ƙarfe ne da ciyawa a baki. Mafi yawan waɗanda suka dawo ba kifi, ganyensu bai juya ba ko rabin lokacin da suka yi a bakin ruwa, kuma ba su sani ba.

Siffar ganye ita ke faɗa maka inda sifina za ta yi aiki. Ganye mai faɗi, kusan zagayayye, yana buɗewa nesa da waya, yana buga ruwa da ƙarfi, yana fara juyawa ko da an ja shi a hankali, kuma yana ɗaga sifina sama. Nasa wurin shi ne ruwa marar zurfi, kwantacce ko mai duhu. Ganye siriri mai tsawo, kamar ganyen turare, yana manne wa waya, ba ya tokare ruwa sosai, don haka yana nutsewa, yana jure ruwa mai gudu, amma yana son a ja shi da ɗan sauri. Kamfanin Mepps, wanda wani injiniya Bafaranshe mai suna André Meulnart ya ƙirƙiro sifinarsa a 1938, yana bayyana wannan da lissafi: ganyen sifinarsa mai suna Aglia yana buɗewa kusan digiri 60 daga waya, na Comet 45, na Aglia Long 30. Wani mai shagon kayan wasanni a garin Antigo na jihar Wiskonsin, Todd Sheldon, shi ya gwada sifinar Mepps a 1951 ya kuma yaɗa ta a Amurka. Panther Martin, wadda asalinta Italiya ne, ba ta da ɗan kofaton nan, wayar ce ta ratsa ta cikin ganyen kai tsaye, shi ya sa take saurin tashi kuma take saurin nutsewa. Blue Fox Vibrax jikinta kamar ƙararrawa yake, da wani ɗan ƙarfe a ciki mai ƙara. Rooster Tail kuwa an san ta da jelar gashi, an kuma san ta da nawar tashi, sai an ɗan fizge ta.

Idan kuɗinka na guda biyu ne kacal, ɗauki mai faɗin ganye ɗaya da mai siririn ganye ɗaya. Wannan ya fi ka sayi iri ɗaya kala biyar.

Girma yana da lamba a jikin ganye. A Mepps Aglia, lamba 1 kusan giram 3.5 ce, lamba 2 giram 4.5, lamba 3 giram 6.5, lamba 4 giram 9, lamba 5 giram 13. Lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba, saboda haka nauyi ya fi abin dogaro. Kayan Amurka da oza ake rubuta su, oza ɗaya kuwa giram 28 ce: idan ka ga 1/8 giram 3.5 ke nan, 1/4 giram 7, 1/2 giram 14. Masu neman bas sun fi zama tsakanin lamba 2 da 4, su kai 5 idan suna neman manya a ruwa mai zurfi. Kuskuren da na fi gani a wajen matasanmu shi ne son babba, wai babban ƙoto babban kifi. A rafi mai zurfin gwiwa, lamba 5 tana faɗawa kamar an jefa dutse, kifi ya watse, ita kuma ta nutse ta maƙale kafin ganye ya tashi. Lamba 3 ita ce ta kowa da kowa. Ka duba ƙananan kifayen da ke yawo a bakin ruwan, ka zaɓi ganyen da tsawonsa ya yi kusa da nasu.

Batun kala ba shi da wahala kamar yadda 'yan kasuwa ke so mu ɗauka. Ruwa garau da rana tsaka, farin ganye mai ƙyallin azurfa, in kuma ƙyallin ya yi yawa har kifi na biyo ta yana komawa, a sauya zuwa baƙi ko jan ƙarfe. Ruwa mai ɗan duhu kamar shayi, ko ranar da hadari ya rufe sama, ruwan zinariya ko jan ƙarfe. Ruwa mai laka, ganye mai faɗi da fenti mai haske, ruwan lemo ko kore mai ɗaukar ido, domin a nan girgiza ce ke kiran kifi, ba gani ba. Akwai iyaka dai. Sassan kogin Offin da haƙar zinariya ta galamse, wato wadda ake yi ba bisa ƙa'ida ba, ta mayar kamar kunu, ba sifinar da za ta yi aiki a ciki, kuma ko an kama kifin ban ba kowa shawarar ya kai wa iyalinsa ba. Gwaji mai sauƙi: ka tsoma sifina a ruwa tsawon kamu ɗaya. Idan ba ka hango ƙyallinta ba, nemi wani wuri ko ka koma ga tana. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ruwa ya janye ya kwanta, shi ne lokacin sifina a yankinmu. Da safe daga bayan Asuba zuwa hantsi, da yamma daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba.

Jabu sun yi yawa, kuma ba sunan da ke kwali ne zai raba maka ba. Kafin ka biya, riƙe sifinar a tsaye ta ido, ka ɗalli ganyen da yatsa. Mai kyau zai zagaya wayar sau da yawa ba tare da ya cije ba. Idan ya tsaya cak, ɗan kofaton ya matse ko raminsa yana da kaushi. Duba wayar ta miƙe sambal, ka ɗan lanƙwasa ta kaɗan ka saki: ta ƙwarai za ta koma yadda take, ta banza za ta zauna a karkace. Kanga maganaɗisu a ganyen. Ganyen tagulla ba ya kamawa, wanda ya kama kuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan azurfa, damina ɗaya zai yi tsatsa. Sai ƙugiya: ɗora bakinta a farcen babban yatsa ka ja a hankali. In ta kafe, tana da kaifi. In ta zame, sai an wasa ta da ƙaramin magagari, shafa uku ko huɗu daga gindi zuwa tsini a kowane baki. Sifina mai arha da ganye mai juyawa ba ta da laifi, ƙugiyar kawai za ka canza.

Sanda mai tsawon mita 2 ko kusa da haka, mai ɗan laushi a kai, ita ta dace. A jikin sanda kusa da mariƙi ana rubuta nauyin da za ta iya jefawa, nemi wadda ta ƙunshi giram 5 zuwa 20. Sanda mai tauri irin ta bakin teku ba za ta jefa giram 6 ko'ina ba, kuma ba za ka ji bugun ganye a hannunka ba. Abin naɗin zare, wato ril, lamba 2000 zuwa 3000 ya isa. Zaren roba mai ɗaukar laba 8 zuwa 10, wato kilo 3.5 zuwa 4.5, kaurinsa wajen milimita 0.25. Na san hankalin masunci ya fi kwanciya da zare mai kauri irin na mamari, amma a nan kauri cuta ne: yana rage nisan jifa, yana hana sifina nutsewa, yana fita daga ril a murɗe kamar igiyar waya. Wajen ɗauri, zura zaren ta ido, naɗe shi a jikinsa sau shida, dawo da bakin ta ƙaramar kafar da ke kusa da ido, sannan ta babbar kafar da ta samu, jiƙa da yawu, ja a hankali har ya zauna. Ƙullin da aka ja a bushe yana ƙona kansa, a nan yake tsinkewa ranar da babban kifi ya zo.

Birkin ril kuma a daidaita shi tun daga gida. Ƙa'ida ita ce ya saki zare idan jan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Ba sai da sikeli ba. Ledar fiya wata ɗaya rabin kilo ce. Zuba uku a leda, ɗaura a bakin zare mai laba 10, riƙe ril ɗin ka ɗaga a hankali. Idan birki ya fara saki daidai lokacin da ledar ke barin ƙasa, ya yi. Ga zare mai laba 8, leda biyu.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka jefa, kafin sifina ta taɓa ruwa ka ɗan taɓa bakin ril da yatsa don zaren ya miƙe. Wannan ɗan taɓin shi ke hana ƙugiya ta harɗe da zare a iska, abin da ke sa sifina ta dawo a gicciye ba ta juya ba. Da ta faɗa, rufe ril, wato ka mayar da lanƙwasasshiyar wayar da ke bakinsa, da hannu, ba da juya mariƙi ba. Sai ka ƙirga. Sifina matsakaiciya tana nutsewa kusan taku ɗaya, wato santimita 30, a kowace daƙiƙa, ko da yake mai faɗin ganye ta fi jinkiri. Jifan farko ƙirga biyu ka fara naɗi, na gaba huɗu, na gaba shida, har ka ji ta taɓa ƙasa ko ta ɗebo ciyawa, sai ka rage ɗaya. Lambar da kifi ya ci a kanta, riƙe ta, domin 'yan'uwansa ma a wannan zurfin suke. Idan ƙirga ta cika, ɗan fizgi kan sanda kamar tsawon tafin hannu don ganye ya tashi, sannan ka shiga naɗi.

Saurin naɗi shi ne sirrin duka, kuma ba wanda zai iya faɗa maka shi da lamba, sai hannunka. Tsaya a bakin ruwa inda kake ganin ƙasa, saki zare tsawon sanda, ja sifinar a gabanka daga hagu zuwa dama. Rage sauri har ka ga ganyen ya daina zagayawa ya koma lilo. Ƙara kaɗan har ya tashi. Wannan saurin, mafi ƙanƙantar da ganye ke juyawa a kansa, shi ne naka. Lura da yadda kan sanda ke rawa a lokacin, da wani ɗan kaɗawa mai kama da kyanwa na gurnani da ke zuwa tafin hannunka. Idan ka jefa nesa ba za ka ga ganye ba, wannan kaɗawar ce idonka. Muddin tana nan, sifina na aiki. Idan ta ɗauke, ɗaya cikin uku ne: ka yi sanyi da yawa, ko ciyawa ta naɗe ganye, ko kifi ya ɗauka ya taho wajenka. Duk wanda ne, amsar ɗaya ce, ka ja sandar gefe da ƙarfi matsakaici. In kifi ne ya kamu, in ciyawa ce sau da yawa ta fita, in sanyi ne ganye ya tashi. Masu gaggawa sukan naɗe kamar ana korarsu, sifina ta taso saman ruwa tana tsalle, kifi ya biyo ya gaji ya koma. Ɗaga kan sanda sama yana sa ta bi sama, sunkuyar da shi kusa da ruwa yana sa ta bi ƙasa. In ka ga kifi na bin ta bai kai hari ba, kada ka tsaya, domin tsayawa na kashe ganye. Ƙara sauri juyi biyu ko uku, ko ka karkata sanda ta sauya hanya. Nan ne yawanci yake afkawa. Kuma kada ka yi saurin cire ta daga ruwa, kifi da yawa a taku biyu na ƙarshe suke ci.

A kogi, kifi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana fakewa bayan dutse ko kututture inda gudu ya karye, yana jiran abin da ruwa zai kawo. Jefa sama da wurin, a karkace, ka bar ruwa ya kawo sifinar ta gabansa. Sai dai idan ruwa na turo ta wajenka dole ka naɗe fiye da gudun ruwan, in ba haka ba ganye ba zai sami abin tokara ba. Idan ka jefa ta ƙetare ko ƙasa, ruwan da kansa ke juya ganye, naɗi kaɗan ya isa, wani lokaci ma riƙewa kawai za ka yi ta yi baka ta dawo gefenka. A tafki kuwa tsakiyar fili ba kowa. Bi gefen ciyawa, ba cikinta ba, jefa a tsawon gaɓa maimakon ka miƙa tsakiya, nemi inuwar itacen da ya sunkuyo da bakin rafin da ke zubowa. Jifa goma a wuri ba motsi, matsa gaba. Sifina ta mai tafiya ce, ba ta mai shimfiɗa tabarma ba.

Babban aibinta murɗe zare. Ganye na juyawa gefe ɗaya, yana ɗan jan wayar tare da shi, kowane jifa na ƙara murɗi, har ranar da zare zai fito daga ril a dunƙule kamar gidan tsuntsu. Maganin farko ɗan majuyin ƙarfe ne, wanda masu shago ke kira suwibul, ƙarami, mai ƙwallaye a ciki in da hali. Kada a maƙala shi a hancin ƙaramar sifina, nauyinsa na karkatar da ita. A ɗaura shi santimita 40 zuwa 50 sama da ita. Wasu kan ɗan lanƙwasa idon gaba da filaya ya kalli sama kaɗan, yadda jikin zai daina bin ganye, kuma yana aiki, in dai ba a taɓa sashen da ɗan kofaton ke zagayawa ba. Abu na uku, idan kifi na jan zare birki na kuka, daina juya mariƙi, kowane juyi a lokacin murɗi ne kake zubawa. Zaren da ya riga ya murɗe, cire komai daga bakinsa, sake mita 30 ko 40 a ruwa mai gudu ko a bayan kwalekwale na minti biyu, sannan ka naɗe shi ta tsakanin yatsu biyu.

To wane kifi namu ne zai ci? Na farko tsage. Duk wanda ya bi hanyar Ejura da Atebubu ya sauka Yeji ya san shi, kuma ba kifin da ya fi shi son abu mai ƙyalli da gudu. Amma a kansa dole a saɓa wa littafin bas ta hanya biyu. Mai neman bas yana ɗaura zare kai tsaye, kai kuwa sai ka sa guntuwar waya mai laushi santimita 15 zuwa 20, mai ɗaukar laba 20 zuwa 30, in ba haka ba cizo ɗaya ya tafi da sifinarka. Sannan bakin tsage ƙashi ne, ƙugiya mai baki uku tana raba ƙarfin sukan gida uku, ba ta shiga, ya yi tsalle ya girgiza kai ya tofar. Yanke ta, sa zoben ƙarfe, ka maƙala ƙugiya guda mai ƙarfi da kaifi. Masu kamunsa a kogin Zambezi sun daɗe da sanin haka, har sukan ƙara siririn yankan kifi a ƙugiyar. Shi ana ja masa da sauri fiye da bas, kuma idan ya yi tsalle a sunkuyar da sanda.

Ƙananan giwan ruwa na kilo ɗaya zuwa uku suna cin lamba 4 da 5 kusa da duwatsu da itatuwan da ruwa ya cinye, kuma halinsu na laɓewa ya fi na kowa kama da na bas mai babban baki. Manyan kuwa ba aikin sifina ba ne, za su miƙe ƙugiyar kamar allura. Tufi yana kwance cikin ciyawa, sai an ratsa ta gefensa a hankali. Karfasa yawanci ganye da ƙananan halittu take ci, amma takan kai wa lamba 0 ko 1 hari, musamman idan tana gadin gurbinta, kuma tana da wani ɗan'uwa mai ɗigo biyar a gefe wanda shi mafarauci ne na gaske, ba ya barin ƙaramar sifina ta wuce. Tarwaɗa da ƙurungu kuwa, da hanci da gashin baki suke neman abinci a ƙasa, kada ka ɓata lokacinka, ka ba su tana.

Tafkin Volta yana da nasa haraji. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya rufe dazuzzuka ba a sare su ba, itatuwan na nan tsaye a ƙarƙashi har yau. A nan kifi yake, a nan kuma ƙugiya mai baki uku ke maƙalewa. Ƙugiya guda tana rage asara sosai. In ta maƙale kada ka fizga da sanda, za ka ƙara kafe ta ko ka karya sandar. Ja zaren da yatsa tsakanin ril da zoben farko kamar kana jan baka, ka saki farat ɗaya, sau uku ko huɗu. In bai yi ba, zagaya ta ɗaya gefen ka ja ta baya. In dole a tsinke, naɗe zaren a guntun itace, miƙe sanda ta kalli wurin, kau da fuska, domin sifinar da ta kuɓuce tana dawowa kamar harsashi. Cikin kwalekwale mai mutum biyu ko uku, a matse ƙayar ƙugiya da filaya kafin a fara, cire ta daga kunnen mutum ya fi sauƙi. A kuma guji tsayawa cikin ruwa marar gudu mai ciyawa a bakin tafkin, tsargiya tana nan.

Ruwayen da ke kusa da mu kuma suna da masu su. Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga Kumasi, wuri ne mai alfarma a wajen Asantawa. Masuntansa a kan gungumen katako da suke kira padua suke su, kuma a al'adarsu ta tun da ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan. Sifina kuwa ƙarfe ce tun daga kai har wutsiya. Mu baƙi ne masu cin arzikin zaman lafiya da mutanen nan shekara da shekaru, saboda haka a fara gaida dattawan ƙauyen a tambaya, in sun ce a'a a naɗe sanda. Barekese da Owabi ruwan shan gari ne, akwai masu gadinsu, ba a shiga sai da izini. Wanda ya je Yeji ko Buipe, ya nemi shugaban masunta na wurin ya gabatar da kansa, ya kuma nisanci inda aka kafa taru. Kifin da bai kai tafin hannu ba a jiƙa hannu a cire masa ƙugiya a mayar da shi.

Wanda asarar sifina ta dame shi, ya sani ana iya ƙera ta a nan gida, kuma ina ganin sana'a ce da ke jiran wani yaro mai hannu a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi. Ana bukatar waya marar tsatsa mai kaurin milimita 0.8, tsawon santimita 12 don a sami abin riƙo. A fara naɗa idon baya da ƙugiya a ciki, a zura jiki na tagulla mai giram 4 ko 5, sai 'yar ƙwallo mai santsi, ta ƙarfe ko ta gilashi, sai ɗan kofaton da ganye a rataye. Cikin ganyen, wato gefen da ya lotsa, shi zai kalli jiki. In aka juya shi ba zai taɓa zagayawa ba, kuma wannan ne kuskuren da kowa ke fara yi. A bar sarari kamar milimita 5 zuwa 8 sama da ɗan kofaton kafin a naɗa idon gaba, don ya sami wurin wasa. Ganyen a yanka shi daga fallen tagulla, a kwantar da shi a kan katako mai ɗan rami a bubbuga har ya lotsa kamar cokalin shayi marar zurfi, a goge gefensa da bakin raminsa sumul. Idan ya kwanta, ƙarshensa ya tsaya daidai ƙarshen jiki, kada ya rufe ƙugiya. A gwada a ruwa kafin a yi na biyu: in yana lilo ba ya zagayawa, lotsawar ta yi kaɗan ko ramin ya matse, in kuma sifinar duka ke wulwulawa, jikin ya yi wa ganyen sauƙi, a ƙara nauyi. Bayan kowace fita a shanya su kafin a rufe a gwangwani, ganyen da ya dushe kuma ɗan man goge baki a tsumma yana dawo da shi, ko toka da lemon tsami.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Wassalam,
Mai karatunka a kullum,
daga Aboabo, Kumasi.